Geji mai faifai ko na burdon: wanne zan ɗaura wa injin tace man gyaɗa?

MaiTaceMai_Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta ishe ni, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Ni ke kula da injuna a wani ƙaramin kamfanin man gyaɗa. In an matse gyaɗa, famfo mai giya ne ke tura ɗanyen man zuwa injin tacewa, irin mai faranti-faranti da ƙyalle a tsakani. A bakin injin akwai geji, wato agogon auna matsi, mai kaiwa bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi), da shi muke gane ƙyallayen sun cika da laka. In aiki na tafiya daidai allura takan tashi daga 1 ta riƙa hawa a hankali, in ta kusa 4 sai mu tsaya mu buɗe mu kankare.

Cikin wata shida geji uku na canja. Na ƙarshen ya fi ƙona mini rai. Allura ta kafe a kan 2, yaron da ke aikin dare yana kallonta yana ganin lafiya lau, har ƙyalle ya fashe, mai ya yi feshi ya wanke bango da ƙasa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma mun yi asarar mai da kwana guda na aiki.

Mai sayar mana da kaya ya ce in daina sayen irin wannan, in sayi mai dayafiram, wato mai faifai. Da ya faɗi kuɗinsa na ga ya ninka na wanda muke saye sau da yawa. Kafin in tunkari mai kamfani da maganar ina so in san gaskiya: mene ne bambancinsu, kuma shi ne maganin matsalata ko kuwa ciniki kawai yake nema?

Sani_Kwamfireso:
Wa alaikumus salam. Oga ka sayi mai ruwan mai a ciki, mai gilisarin. Tunda na sa wa kwamfiresona shi shekara uku ke nan ban ƙara taɓa shi ba.

MaiTaceMai_Kano:
Malam Sani ai na ukun mai gilisarin ne. Shi ne ma ya kafe.

MaiSaiti:
Malam Sani, gilisarin ɗin da kake gani ta gilashi yana cikin akwatin gejin ne kawai. Aikinsa ya hana allura rawa in inji na jijjiga, ya kuma shafe haƙoran giya kada su ci juna. Bai da alaƙa da abin da ke shiga ta ƙasa. Kai iska kake aunawa, shi ya sa ka huta. Shi mai ne da laka.

Mai tambaya, bari in yi maka dalla-dalla, don aikina ke nan, gwajin geji da gyaransu. Kusan duk gejin da kake gani a kasuwa na burdon ne, sunan wani Bafaranshe Eugène Bourdon da ya yi rajistar ƙirar a 1849. A cikinsa akwai bututu siriri da aka ɗan daɓe, aka lanƙwasa shi kamar lauje. Baki ɗaya a buɗe yake, nan abin da kake aunawa ke shiga, ɗaya bakin a toshe yake da walda. In matsi ya shiga, bututun yana neman miƙewa, wannan ɗan motsin ne ke jan giya, giya ta juya allura. To ka lura da abu guda: bututun nan lungu ne da ba ya ɓullewa. Abin da ya shiga ba shi da hanyar fita. In iska ce ko ruwa mai tsabta, babu laifi. In mai ne da dusar gyaɗa a ciki, kullum kaɗan na shiga yana kwanciya, ya daskare, wata rana ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Matsin da aka kulle a ciki ranar da ya toshe shi allura za ta ci gaba da nuna maka har abada. Bar 2 ɗinka ke nan.

Mai faifai kuwa babu bututu. Faifan ƙarfe ne siriri mai zobba-zobba kamar murfin gwangwanin madara, an matse shi tsakanin filanji biyu, wato farantan ƙarfe masu kauri da ake ɗaurewa da kusoshi. Man yana tura shi daga ƙasa, ya ɗan kumbura sama, milimita ɗaya zuwa uku kawai, sanda ta ɗauki motsin ta kai wa giya. Man bai wuce ƙarƙashin faifan ba. In ya yi datti ka kwance kusoshi, ka cire filanjin ƙasa, ka wanke, ka mayar. Don irin aikinka aka ƙera shi: abu mai kauri, mai laka, mai daskarewa ko mai cin ƙarfe. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba.

Baba_Boila:
Bayanin MaiSaiti daidai ne, amma kada yaran nan su tashi da tunanin burdon abin banza ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi a gaban tukunyar tururi a masaƙa da kamfanin shinkafa, ban taɓa dogara da wani geji ba sai shi. Akwai wanda na tarar a wurin, na yi ritaya na bar shi yana aiki. Sirrin shi ne yadda aka ɗaura shi. Tururi ba ya taɓa gejinmu kai tsaye, akwai ɗan bututu mai naɗi kamar wutsiya a ƙarƙashinsa, ruwa na taruwa a ciki ya tare zafi. Akwai bawul da za ka rufe ka cire geji ba tare da an kashe tukunya ba. Yawancin gejin da ake cewa ya mutu, kashe shi aka yi. Ɗana, ina tambayarka: in kun kashe famfo kun buɗe faranti, sauran biyun da suka lalace allurarsu tana komawa sifiri ko tana tsayawa sama da shi?

MaiTaceMai_Kano:
Baba, na farkon yana komawa amma ba ya kaiwa sifiri, yana tsayawa wajen rabin bar. Na biyun allurar ce ta riƙa lilo, in ka ɗan buga gilashi sai ta canja wuri.

Baba_Boila:
To ka gani. Cuta uku ce daban-daban, kai kana kiransu da suna ɗaya. Na farko an wuce masa ƙima, bututun ya miƙe bai koma yadda yake ba. Na biyu jijjiga ta cinye haƙoransa. Na uku ne kaɗai ya toshe. Famfo mai giya ba ya san gaba ta rufe ba, turawa kawai yake yi har wani abu ya fashe. Akwai bawul ɗin sakin matsi a layin nan?

MaiTaceMai_Kano:
Babu Baba. Haka na tarar da shi.

Zongo_Tamale:
Salamu alaikum daga Gana. Mai tambaya, abin da ya same ka da sauƙi a kan namu. Mu man kaɗanya muke yi, kuma kun san halinsa, in ya huce daskarewa yake yi kamar sabulu. Da safe a lokacin hunturu in muka zo, gejin burdon a sandare yake, sai an zuba masa ruwan zafi a wuya kafin ya farka, wani lokaci ma bai farka ba. Mun koma mai faifai, irin wanda ƙasansa a buɗe yake, faifan yana kallon cikin bututun kai tsaye. In layin ya ɗauki zafi man ya narke, shi ma ya narke tare da shi. Shekara biyu ke nan. Amma zan gaya maka abin da ya faru da na farkonmu: wani yaro ya ga mai ya daskare a fuskar faifan, ya sa sukundireba ya kankare, ya loɓa shi. Daga ranar bai ƙara faɗin gaskiya ba. Faifan nan siriri ne ƙwarai. Tsumma da ruwan zafi kawai.

DalibinFoli:
Injiniyoyi a gafarce ni, ni ɗalibi ne. Ina tsammanin mai faifai ya fi kowanne daidaito tunda ya fi tsada kuma yana jin ƙaramin matsi. Ba haka ba ne?

MaiSaiti:
Ƙanena, jin ƙaramin matsi daban, daidaito daban. Duba fuskar geji a ƙasa, za ka ga an rubuta 1.0 ko 1.6 ko 2.5, wani lokaci da CL ko KL a gabansa. Wannan shi ne ajinsa, yana nufin kuskuren da aka yarda masa, kashi kaza cikin ɗari na ƙarshen ma'auninsa. Geji mai bar 10 ɗan aji 1.6 zai iya kuskuren bar 0.16 sama ko ƙasa, a ko'ina allura take. Mai faifai yawanci 1.6 ne, in an lulluɓe shi da roba mai hana ci ma yakan koma 2.5. Burdon mai kyau 1.0 ne, akwai 0.6, waɗanda muke gwada wasu da su har 0.25 da 0.1. Don haka a fagen daidaito burdon ne gaba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Ana saita geji ne a zafin digiri 20. Ƙa'idar Turai da masu ƙera su ke bi, EN 837, ta yarda burdon ya kauce da kashi 0.4 cikin ɗari na ma'auninsa a duk ƙarin digiri 10, mai faifai kuwa 0.8. Ka lissafa ɗakin inji a watan Afrilu, digiri 40. Burdon ya ƙara kashi 0.8 cikin ɗari, mai faifai ya ƙara kashi 1.6 a kan na ajinsa. Ga mai tace mai wannan ba komai ba ne, yana so ne ya san 4 ta kusa. Ga mai aikin gwaji abu ne babba.

Inda mai faifai ya yi wa burdon nisa shi ne ƙasa. Burdon ba ya sauka ƙasa da kamar bar 0.6 a ƙarshen ma'auni, ƙasa da haka bututun ba shi da ƙarfin jan giya. Mai faifai yana sauka har milibar 16 (milibar dubu ne bar 1), sai dai faifan ya yi faɗi, filanjin ya kai milimita 160 maimakon 100. A sama kuma labari ya juye: mai faifai iyakarsa bar 25 zuwa 40, burdon yana haura dubu.

Hamza_Katafila:
Shi ya sa mu masu haidurolik ba mu san wani mai faifai ba. Layin katafila yana haura bar 300, geji mai 400 ko 600 muke ɗaurawa, duk burdon mai gilisarin.

DanMaradi:
Barkanku da muhawara. Tunda an taɓo ƙaramin matsi bari in sa baki. Mu nan manomeetir muke ce masa. Na gina ramin gas na kashin shanu a gidan gona, na girki. Da farko na ɗaura na burdon mai bar 4 da na samu a kasuwa, allura ko motsi ba ta yi, har na ɗauka ramin ne ke yoyo. Wani dattijo mai aikin gini ya ce in ɗauko tiyon lebur, fari mai nuna ciki. Muka lanƙwasa shi gida biyu a jikin katako, muka zuba ruwa da ɗan shuɗi, muka kafa tef ɗin tela a tsakiya. Baki ɗaya ga gas, ɗaya a sake. Nan take ruwa ya rabu da santimita 35. Ashe gas na nan, gejin ne ya yi masa girma. Yau shekara huɗu da tiyon nake aiki, ba giya, ba allura, ba abin da zai ci.

DalibinFoli:
Santimita 35 na ruwa bar nawa ke nan?

DanMaradi:
Santimita ɗaya na ruwa kusan milibar ɗaya ne. Wato milibar 35, bar 0.035. Ka ga a geji mai bar 4 ko kaurin allura bai kai ba.

Injiniya_Ruwa:
Haka ne, kuma lissafin nan kowane mai aikin famfo ya kamata ya haddace shi: tsayin ruwa mita 10 shi ne kusan bar 1, bar 1 kuma 14.5 ne a ɗaya ma'aunin matsin da ake kira PSI. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 6 bar 0.6 zai ba ka a ƙasa. Na sha zuwa gida a ce geji ya lalace, in tarar an sa mai bar 16 a layin tanki.

DanMaradi, ga mai son agogo maimakon tiyo a irin aikinka, akwai na uku da ba a ambata ba, mai kafso. Faifai biyu ne aka haɗa bakinsu da walda suka zama kamar ƙosai, gas na shiga tsakiyarsu su kumbura. Yana auna daga milibar biyu da rabi zuwa 600, kuma ya fi mai faifai araha. Shi ake sa wa layin gas ɗin girki bayan regileta mai rage matsi, inda matsin yake ƙanƙani.

MaiSaiti:
Injiniya a nan zan ɗan saɓa maka. Mai kafso na busasshiyar iska ne mai tsabta. Gas ɗin kashin shanu jiƙaƙƙe ne, kuma yana ɗauke da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin tagulla. Raɓa za ta taru a cikin kafson ba ta da mafita, matsalar lungu ta dawo. In dole sai agogo, mai faifai na sitenles. In ba dole ba, tiyonsa ya fi masa.

Injiniya_Ruwa:
Na karɓa. Gas ɗin tukunya nake tunani, na manta nasa da danshi.

Sista_Hauwa:
Ni ba injiniya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, mijina ne ya sa ni a zauren nan saboda injin ruwanmu. Amma ina karantawa sai na ga kamar abin awon jinin da muke amfani da shi ake bayani, mai agogo da ake matsa roba. Shi wane iri ne? Don in ya faɗi ƙasa sau ɗaya sai ya fara ba da lamba daban da na sauran.

MaiSaiti:
Hajiya dangin kafso ne, ma'auninsa milimita 300 na zaiba, wato kamar bar 0.4. Ƙaramin motsi ne ake ninkawa da giya masu laushi, shi ya sa faɗuwa ɗaya ke gusar da shi. Ana so a riƙa gwada shi da wani amintacce duk wata shida. Tsohon mai zaiba a gilashi kuwa ɗan'uwan tiyon DanMaradi ne, nauyin zaiba ne ke awon, shi ya sa ba ya gushewa. Guba ce ta sa ake janye shi, tun yarjejeniyar Minamata ta 2013.

Shugaban_Zaure:
Jama'a an faɗaɗa, kuma an amfana, amma bawan Allah yana jiran amsar da zai kai wa mai kamfani. A dawo kan man gyaɗa.

Auwal_Fita:
To ni ga tawa. Na yi aiki a kamfanin tumatirin gwangwani da na sabulu, kuma ina ganin akwai ruɗani a maganar mai kayan. Abu biyu ake kira dayafiram a kasuwa. Akwai wanda MaiSaiti ya bayyana, faifan da kansa ne ke awon. Akwai kuma gejin burdon na yau da kullum da aka ɗaura masa faifai a ƙasa a matsayin katanga. Tsakanin faifan da bututun an cika da mai tsaf, babu ko ƙwayar iska. Kayanka na tura faifai, faifai na tura man ciki, man ciki na tura bututu. Da wannan kana samun daidaito da nisan burdon, kuma laka ba ta shiga. A layin tumatir irinsa muka yi amfani da shi, mai maƙalewa da kilam, wato maƙallin ƙarfe, a cire a wanke a mayar cikin minti biyu. Ka tambayi mai kayan wanne yake nufi kafin ka ba da kuɗi. In daga nesa ne, na gaskiyar yana da filanji mai faɗi da kusoshi kewaye, manne da wuyan agogon.

In ka zaɓi mai katanga, abu biyu. Kada wani ya warware agogon daga jikin katangar, ko da zagaye ɗaya ne. Man ciki ya zube ko iska ta shiga, shi ke nan, sai an mayar wa masu injin cikawa. Na biyu, tunda abin ci kake yi, ka tabbatar man cikin wanda aka yarda da shi a abinci ne, gilisarin ko farin man da ake yi don haka. Ranar da faifan ya huje, cikin man mutane zai tafi.

MaiTaceMai_Kano:
Malam Auwal Allah ya saka da alheri, wallahi ban san biyu ba ne. Na kira shi yanzu, ya turo hoto. Mai filanji da kusoshi ne, amma ƙasansa tiredi ne, wato wuyan da ake murɗawa a ɗaura, na rabin inci kamar na sauran.

Zongo_Tamale:
A'a, tsaya. In ƙasansa tiredi ne da ɗan rami, laka za ta toshe ramin kafin ta kai ga faifan. Ka biya kuɗi mai yawa ka sayi toshewa iri ɗaya. Bambancin kawai wannan za ka iya kwancewa ka wanke. Ka nemi mai buɗaɗɗen ƙasa.

Auwal_Fita:
Gaskiyar Zongo. Sai dai buɗaɗɗen yana bukatar a yanka layi a yi waldar filanji. Kuma a sa shi a saman bututu ko a gefe, kada a ƙasa inda laka ke kwanciya.

MaiSanyi_Kaduna:
Ina bin ku tun ɗazu. Abin da nake so in ƙara, ba ƙirar geji kaɗai ake dubawa ba, har da ƙarfen da aka yi shi da shi. Mu a kamfanin ƙanƙara da ke aiki da amoniya, burdon muke amfani da shi, amma na ƙarfe zalla. Amoniya na cin tagulla da jan ƙarfe. Wani sabon yaro ya taɓa ɗaura mana gejin firij na gida mai wuyan tagulla, Allah ya sa na gani da wuri na cire. Da ya tsage a ɗakin nan da ba mai iya tsayawa. Na amoniya za ka ga an rubuta NH3 a fuskarsa.

Garba_MaiWalda:
Haka na iskar oksijin. Tukunya cike tana kai bar 150, gejinta burdon ne da aka wanke shi tas daga maiƙo, an rubuta kada a sa mai. Don Allah kada wanda ya karanta zancen gilisarin a sama ya je ya ɗaura wa tukunyar oksijin irinsa, ko ya shafa wa tiredi giris. Wuta ce take tashi.

Nura_Lantarki:
Ni fa ina mamakin yadda har yanzu ake ta zancen allura. Oga ka sa na lantarki, taransimita mai shafaffen faifai a baki, ya mayar da matsi siginar lantarki ta miliamp 4 zuwa 20, ka haɗa da ɗan allo da rile, wato makunni mai aiki da kansa. Matsi na kai 4 ya yi ƙara, ya kai 5 ya kashe famfo da kansa. Ko yaron dare ya yi gyangyaɗi ƙyalle ba zai fashe ba. Kuma shi ma ai faifai ne a cikinsa, sai dai maimakon giya, lantarki ke karanta lanƙwasarsa. Ba haƙoran da jijjiga za ta ci.

Baba_Boila:
Ɗana Nura, ban ƙi naka ba, na ga amfaninsa a shekarun ƙarshe na aikina. Amma wutarmu ka san ta. Ana sauyawa daga layi zuwa janareto sau nawa a yini? Na ga allo ya mutu tukunya na ci, abin da ya tsaya mana shi ne agogon nan mai allura. Duk inda ka sa na lantarki ka bar na allura kusa da shi, in sun saɓa ka san ɗaya na ƙarya. Kuma har yanzu ina kan bakana: ko gejin zinariya ya saya, in babu bawul ɗin sakin matsi da zai mayar da mai tanki, ƙyalle zai sake fashewa. Geji gaya maka yake yi, ba ya tare komai.

Nura_Lantarki:
Baba ban musa ba, a sa duka biyun. Amma a sa masa abin kare hawan wuta, shi ke nan.

MaiSaiti:
Maganar Baba ta tuna mini abin da na tsallake, kuma yana cikin manyan dalilan da ake sayen mai faifai. In matsi ya wuce ƙima, faifan yana tafiya ne ya jingina da filanjin sama, wanda aka sassaƙa shi daidai da zobbansa, sai ya tsaya nan. Shi ya sa yawancinsu ke jure ninki biyar na ma'auninsu. Burdon mai kyau in ya wuce ƙarshen ma'auni da kamar kashi 30 cikin ɗari, na ɗan lokaci ne kawai zai jure, mai araha ko hakan ba ya kaiwa. Don haka cuta ta farko da Baba ya lissafa, mai faifai zai tsallake ta, ta uku ma haka in ƙasansa a buɗe yake. Ta biyu ce ba zai tsallake ba. Motsinsa ƙanƙane ne, giyarsa na ninkawa da yawa, jijjiga na damunsa, ga nauyi. In an ɗaura shi a bututun da ke rawa da famfo, a nemi mai gilisarin a akwati kuma a tallafe bututun.

Sannan ma'auni. Ƙa'idar ita ce matsin aiki kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na ma'auni in a tsaye yake, kashi biyu cikin uku in yana hawa da sauka. Mai tsayawa a 4, geji mai bar 6 ya yi masa, kuma yaro zai fi ganin motsin allura a kansa fiye da mai 10.

DalibinFoli:
Ashe ma ba sabon abu ba ne. Malaminmu ya ce wani Bajamushe Bernhard Schäffer ne ya fito da mai faifai a zamani ɗaya da Bourdon, kamfaninsu na Magdeburg ya fara a 1850, har wasu na kiran irin gejin da sunansa.

Sani_Kwamfireso:
Tunda an dawo kan gilisarin, a tuna wa mutane ɗan toshin robar da ke saman akwatin. Bayan an ɗaura ana yanke kansa ko a ɗaga ɗan hannunsa don ya yi numfashi. In ba haka ba rana ta buga shi, matsi ya taru a cikin akwatin, allura ta kauce daga sifiri. A ƙananan ma'auni abin ya fi fitowa.

MaiTaceMai_Kano:
'Yan uwa na dawo. Bayan sallar la'asar na ɗauko na ukun na sa shi a bais, na cire bayansa, na yanka bututun da zarto gida biyu. Abin da na gani ya ishe ni hujja. Daga wuyan har kusan rabin lanƙwasar cike yake da wani abu baƙi-baƙi mai ƙarfi kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu, sai da na sa waya na tono shi. Ramin shigar kuwa, wanda bai fi kan ashana ba, a liƙe yake ruf. Can ƙarshen bututun sai ga ɗan mai tsabtatacce ya tsiyayo, wanda aka kulle tun ranar. Na ɗauki hoto na nuna wa mai kamfani. Ya yarda da bawul ɗin sakin matsi nan take, gobe mai walda zai zo. A kan geji kuwa ya ce in kawo masa farashin iri biyun, na gaskiyar mai buɗaɗɗen ƙasa da kuma burdon mai katanga.

Auwal_Fita:
Ni dai mai katanga zan ba ka shawara. Ya fi sauƙin nauyi, kuma ya fi samuwa.

Zongo_Tamale:
Ni kuma na gaskiyar. Ba man ciki da zai zube, kuma man naka da zafi yake fitowa daga matsa. Man katangar in ya ɗauki zafi yana buɗewa ya tura allura sama ba tare da matsi ya ƙaru ba.

Auwal_Fita:
A bar 6 wannan ɗan kaucewar ba za ta dame shi ba, a ƙananan ma'auni take ciwo.

Baba_Boila:
Kafin ya yanke, a bar shi ya ga yadda layin zai kasance bayan an sa bawul. Mai yiwuwa burdon mai araha da ake cirewa a wanke wuyansa duk ranar da aka wanke ƙyalle ya riƙe shi har kuɗi su samu.

MaiSaiti:
Baba wuyan zai wanku, cikin lanƙwasar ne ba mai iya kaiwa. Mai tambaya, turo mana faɗin bututun layin, da zafin man a daidai inda gejin yake, a auna da tamomita ba da hannu ba. Ka kuma gaya mana tazarar da ke tsakanin famfo da wurin.

MaiTaceMai_Kano:
Bututun inci ɗaya da rabi ne, gejin kuma bai fi taku biyu daga famfo ba. Zafin sai gobe in an tayar da inji zan auna in turo, in sha Allahu.